Yadda Ake Haɗa Firizam a Gida Don Ɗaukar Hoto da Waya

Duk mai yawan duba hotunan biki a Instagram ya taɓa cin karo da irin wannan hoto: amarya ta fito tas a tsakiya, amma gefe guda ya narke ya zama haske, ko wani zirin bakan gizo ya ratso ta kusurwa, ko kuma rassan bishiyar da ke can sama sun bayyana a ƙasan hoton. Mutane da dama na ɗauka aikin manhajar gyaran hoto ne. Sau tari kuwa wani ɗan gilashi ne mai fuska uku, wanda ake kira firizam, aka kara dab da idon kyamara a lokacin ɗauka. Sam Hurd, wani mai ɗaukar hotunan aure a Amurka, yana cikin waɗanda suka yayata wannan dabara a tsakanin masu manyan kyamarori, daga nan ta gangaro har ta iso ga masu waya.

Akwai na kanti, amma ba dole sai da shi ba. Da 'yan gilasai, da ruwa, da tsohuwar rigar waya, da guntun wayar wuta, mutum zai haɗa nasa a gida. Sai dai kafin a taɓa kayan aiki, akwai abin da ya kamata ya zauna a zuciya: firizam ba ya ƙirƙirar komai. Hasken da ke gefenka, ko samanka, ko bayanka, shi yake jawowa ya shigar cikin hoton. Saboda haka aikin ya tsaya a kan abu biyu: sanin inda haske yake, da samun mariƙin da zai tsayar da gilashin daidai inda ka ajiye shi. Idon kyamarar waya ƙarami ne ƙwarai, gocewar milimita biyu kan sauya hoton gaba ɗaya, hannun ɗan Adam kuwa ba ya rasa rawa.

Abin da gilashin ke yi wa haske

Haske a miƙe yake tafiya muddin yana cikin abu iri ɗaya. Da zarar ya bar iska ya shiga ruwa ko gilashi a karkace, sai gudunsa ya ragu, ya lanƙwasa. Masana na auna ƙarfin wannan lanƙwasawa da lamba: ta iska kusan 1 ce, ta ruwa 1.33, ta gilashin yau da kullum kimanin 1.5. Gilashin taga fuskokinsa biyu a jere suke, don haka lanƙwasar da haske ya yi wajen shiga sai ta warware wajen fita. Firizam kuwa fuskokinsa sun haɗu ne a kusurwa, galibi digiri 60, sai lanƙwasa ta biyu ta hau kan ta farko. Idan na gilashi ne zalla, yakan karkatar da haske da digiri 37 ko fiye. Idan na ruwa ne, daga digiri 23 zuwa sama. Shi ya sa idan ka leƙa ta cikinsa ba abin da ke gabanka kake gani ba, sai abin da ke can gefe.

Launuka kuma ba su lanƙwasa daidai da juna. Ja ne mafi ƙarancin lanƙwasawa, shunayya ce mafi yawa, sauran suna jere a tsakani: ruwan lemo, rawaya, kore, shuɗi, ruwan baba. A wajajen 1666 Isaac Newton ya duhunta ɗakinsa a Ingila, ya bar 'yar huda a marfin taga, ya tare zirin hasken rana da firizam, ya ga launukan sun baje a bango. Ya nuna cewa ba gilashin ne ke rina hasken ba, launukan suna cikin farin hasken tun asali, gilashin rarrabe su kawai yake yi. Ya wallafa bayanin a 1672, ya faɗaɗa shi a littafinsa Opticks na 1704. Tun ƙarnoni kafin nan, Hasan Ibn al-Haitham, haifaffen Basra da ya yi aikinsa a Alƙahira, ya yi nazarin lanƙwasar haske a littafinsa Kitab al-Manazir. Kamaluddin al-Farisi, wanda ya yi wa littafin sharhi a farkon ƙarni na 14, ya cika ƙwallon gilashi da ruwa don ya gano yadda ɗigon ruwan sama ke haifar da bakan gizo. Wato cika gilashi da ruwa don sarrafa haske tsohuwar hanya ce ta malamai, ita za mu bi a nan.

Akwai aiki na uku da mutane ke mantawa, alhali shi ne mafi amfani a hoto: kowace fuskar firizam madubi ce idan aka dube ta a kaikaice. A cikin gilashi ma, idan haske ya bugi fuska a kusurwar da ta haura digiri 42, ba ya fita ko kaɗan, komawa yake yi gaba ɗaya. A ruwa iyakar tana wajen digiri 49. Yawancin kyawawan hotunan da ake ɗauka da firizam daga wannan madubin suke, bakan gizo ƙari ne.

Kayan aiki

- Siraran gilasai huɗu irin waɗanda ake ɗora jini a kai a ɗakin gwaje-gwajen asibiti. Girmansu kusan ɗaya ne ko'ina, tsawo santimita 7.5, faɗi 2.5, kauri kusan milimita ɗaya. Ana samun sababbi a shagunan kayan asibiti. Kada a yi amfani da waɗanda aka riga aka yi gwaji da su. Idan ba a samu ba, mai yankan gilashi zai yanka maka daga mafi sirantar gilashin firem, ya goge bakin.
- Gam ɗin silikon marar launi, irin wanda masu haɗa tagogin alminiyam ke toshe gefen gilashi da shi.
- Tef na takarda, da baƙin tef na masu wayarin.
- Sirinji mai cin mililita 20 da allurarsa.
- Tafasasshen ruwa mai tsabta da ya huce, da gilisarin marar launi idan da hali.
- Sifirit da tsumma mai laushi.
- Tsohuwar rigar waya da ta dace da wayarka, gara mai ɗan tauri.
- Wayar wuta mai sili ɗaya ta jan ƙarfe, mai lamba 2.5 da ake ja a bango, tsawon santimita 60.
- Guntun robar tub ɗin keke, da guntun soson tsohon silifas.

Wanda ya sami firizam na gilashi a shagon kayan kimiyyar makarantu, ko ɗan lu'ulu'un da ke reto a jikin fitilar ado ta falo, sai ya tsallake zuwa bayanin mariƙi. Sai dai a lura da nauyi. Dogon firizam na santimita 15 da masu manyan kyamarori ke riƙewa ya kusa nauyin wayar kanta, zai rinjayi kowane mariƙi na gida. Namu na ruwa bai kai giram 50 ba.

Haɗa firizam

Fara da wanke gilasai uku da sabulu, ka goge su da sifirit, daga nan kada ka sake taɓa fuskarsu sai bakinsu. Fuskar da za ta kasance a ciki ba za ka sake samun damar goge ta ba, duk shatin yatsan da ya rage zai zauna a kowane hoto.

Shimfiɗa siraran tef biyu a kan tebur, gefen danƙon yana sama. Jera gilasan uku a kai, dogon gefe na kusa da dogon gefe, ka bar tazarar kusan milimita biyu a tsakani. Tef ɗaya ya ratsa kusa da kai, ɗaya kusa da gindi. Ɗaga na dama da na hagu su haɗu a sama, ka rufe da jelar tef. Yanzu ka sami bututu mai fuska uku. Dube shi ta baki: idan gefunan uku sun yi daidai wa daida, kowace kusurwa digiri 60 ce.

A nan ne ake bambanta aiki mai tsabta da na gaggawa. Inda gilashi biyu suka haɗu za ka ga wani siririn kwari a waje. Shi za ka cika da silikon. Kafin ka matsa, rufe fuskokin da tef na takarda, ka bar milimita biyu kacal daga baki. Yanke bakin bututun silikon ƙarami, ka ja zare ɗaya daga sama zuwa ƙasa ba tare da tsayawa ba. Tsoma ɗan yatsa a ruwan sabulu, ka shafa sau ɗaya a hankali, silikon ya kwanta cikin kwarin ya yi sumul. Kada ka koma ka sake shafawa, maimaici ne ke jawo kumfa da zare-zare. Cire tef ɗin rufin tun silikon yana ɗanye, za ka ga layin ya fita a miƙe. Zai yi warin tsami, don haka a yi aikin inda iska ke kaɗawa. Bar shi awa 24, sannan ka ɓare tef biyun farko, ka cike guraben da suka rufe.

Kada ka maye gurbin silikon da sufa gulu. Tururinsa yana barin farin hazo a kan gilashi, ga shi ba ya jure zama cikin ruwa.

Gilashi na huɗu a raba shi biyu. Mai yankan gilashi zai yi maka wannan nan take. Rabi ɗaya shi ne gindi: shafa silikon mai kauri a bakin bututun, ka kafa shi a kai, ka zagaye ta waje. Bayan ya bushe, zuba ruwa ka ajiye shi a kan busasshiyar takarda na awa ɗaya. Idan takardar ta jiƙe, zubar da ruwan, ka busar, ka ƙara silikon a wurin yoyon. Idan ba ta jiƙe ba, zubar, ka bari ya bushe sarai, ka ɗora ɗaya rabin a kai, amma ka ɗan gusa shi yadda za a sami 'yar ƙofa a kusurwa ɗaya wadda allura za ta shiga.

Washegari sai cikawa. Ruwa zalla ya wadatar. Amma idan ka haɗa rabi ruwa rabi gilisarin, irin wanda ake shafawa da hunturu, lambar lanƙwasarsa takan haura zuwa wajen 1.4, ya ƙara kusantar gilashi. Gauraya su a kofi, ka bari kumfar ta kwanta, ka ja da sirinji, ka tura a hankali ta jikin bango. Cikin kusan mililita 20 ne. Kada ka cika maƙil. Bar 'yar kumfa ɗaya a sama, domin ruwa na kumbura idan ya ji zafi, zafin Afrilu kuwa ba wasa ba ne. Goge bakin ƙofar da sifirit, ya bushe, ka toshe da ɗigon silikon, ka bar shi a tsaye kwana guda. A ƙarshe naɗe kai da gindi da baƙin tef, ya rufe kaifin kusurwoyi, ya kuma ba mariƙi wurin kamawa.

Mariƙi

Ana son mariƙin da zai bar firizam ya yi motsi uku: ya juya a kan tsawonsa, ya karkata, ya matso ko ya ja baya. Da ka sake shi kuma ya tsaya cak. Silin jan ƙarfe yana yin duka, domin yana lanƙwasuwa da hannu kuma yana riƙe siffar da aka ba shi.

Kada ka fere robar jikin silin. Ninka shi biyu, ka bar zobe a wurin ninkin wanda ya ɗan fi gindin firizam faɗi, ka murɗa sauran su zama igiya ɗaya. Naɗa robar tub sau biyu a gindin firizam, ka zura shi cikin zoben, ka matse. Ana son ya kama yadda ba zai zame ba, amma idan ka murza shi da yatsu biyu ya juya.

Ɗaya ƙarshen silin kuma naɗe shi kamar gammo, a kwance, faɗin santimita huɗu. Ɗora gammon a bayan rigar waya ta waje, ƙasa da ramin kyamara. Cire wayar daga ciki, ka kai wa mai gyaran takalmi ya huda rigar da basilla, ya ɗinke gammon a wuri huɗu da zarensa mai ƙarfi. Ɗinki ya fi gam aminci a nan, domin yawancin robar rigunan waya ba ta riƙe gam. Rufe ƙullin zaren ta ciki da tef don kada ya goge bayan wayar. Abin da ya rage tsakanin gammo da zobe shi ne hannu. Santimita 8 zuwa 10 ya isa. Idan ya fi haka tsawo zai riƙa reto.

Sai kariyar idon kyamara. Yanka siririn soson silifas, ka manna shi a rigar a gefen ramin kyamara, ya ɗara tudun kyamarar da milimita uku ko huɗu. Firizam zai jingina a kansa maimakon ya gogi gilashin ido. Duba kada soson ya rufe fitila ko 'yar hudar makirfo.

A guji maganaɗisu. Kyamarorin wayoyi da yawa suna da na'urar hana rawar hoto da ta saita gani waɗanda ke aiki da ƙananan maganaɗisu a ciki, wani mai ƙarfi a kusa yakan rikita su. Haka kuma a cire wannan riga kafin a ɗora waya a kan caja marar igiya, saboda ƙarfen da ke bayanta.

Gwajin ƙarshe: sa wayar, ka saita firizam a kwance a ƙarƙashin ido, ka girgiza a hankali, ka juya wayar tsaye da kwance. Idan ya sauka daga inda ka ajiye shi, gajarta hannun ko ka ƙara sili na uku a murɗin.

Saita waya

Babbar kyamara tana narkar da duk abin da ke dab da idonta, shi ya sa bakin firizam ba ya fitowa a hotunanta. Waya ba haka take ba. Idonta ƙarami ne, kusa da nesa duk suna son su fito sarai. Maganin abu biyu ne: matso da gilashin har ya kusa taɓa soson kariya, sannan ka jawo hoton zuwa ninki biyu. Idan wayarka tana da ido na musamman na jawo nesa, shi ya fi dacewa da wannan aiki.

Idan idanun suna da yawa, gano wanda ke aiki. Buɗe kyamara, ka riƙa rufe su da yatsa ɗaya bayan ɗaya har fuskar wayar ta yi duhu. Wasu wayoyin suna sauya ido da kansu idan suka ji abu a kusa, su koma na ɗaukar ƙananan abubuwa. Kashe wannan a cikin saiti, in ba haka ba hoton zai riƙa tsalle.

Kashe filasha, domin haskenta zai bugi gilashin ya dawo ya wanke hoton. Kashe tsarin da ke dusasar da bayan mutum da manhaja, domin ba ya iya bambanta gashin kai da inuwar madubi. Danna yatsa a kan fuskar wanda kake ɗauka, ka riƙe har wayar ta nuna ta kulle saiti, sannan ka ɗan rage haske. Launukan bakan gizo suna kodewa idan haske ya yi yawa. Raguwa kaɗan ke fito da su. Goge idon kyamara da firizam kafin kowane zama.

Hotuna iri uku

Na farko shi ne na madubi, da shi ya kamata a fara. Kwantar da firizam a ƙarƙashin ido, fuska ɗaya tana kallon sama, ya rufe kashi ɗaya cikin huɗu na hoton. Murza shi a hankali. Za ka ga ƙasan hoton ya ɓace, abin da ke sama ya maye gurbinsa: sararin sama, ganye, zanen soro, fitilun rumfa. Babban amfaninsa ke nan. A wurin taro ƙasa ba ta rasa igiyoyin lasifika da ledojin ruwa da ƙafafun kujeru. Firizam yana share su tun a wurin ɗauka, ya sa wani abu mai kyau a madadinsu. Idan tarkacen a gefe yake, tsayar da shi a tsaye a wannan gefen.

Ɗauki misalin hannun amarya da aka yi wa lalle. Zaunar da ita kusa da taga, hasken yana zuwa daga hagu, hannun a kan atamfa mai duhu. Kulle saiti a kan zanen bayan hannun. Tsayar da firizam a gefen dama na ido, ka juya fuskarsa wajen hannun har ka ga yatsun sun sake fitowa a gefe, suna fuskantar na ainihi. Ƙara murzawa kaɗan, hasken tagar zai shigo ya lulluɓe ƙarshen hoton, awarwaro ya yi ƙyalli biyu. Tsaya a nan. Zanen lallen ya fito layi-layi, duk abin da gilashin ya ƙara yana gefe yana yi masa hidima.

Na biyu shi ne na leƙe ta ciki. Ɗaga firizam ya rufe rabin ido, yadda haske zai shiga ta fuska ɗaya ya fita ta wata. Abin da ke gefe zai shigo da ja a wani baki, shuɗi a ɗaya bakin. Ya fi kyau inda haske da duhu suka yi iyaka mai kaifi: fitilun titi da dare, ƙyallin kwalaben turare, hasken da ke ratsowa ta ganye. Masu sayar da sarƙa ko turare ta WhatsApp za su ji daɗin wannan, da sharaɗin kayan da kansa ya fito da launinsa na gaskiya, domin mai saye yana da haƙƙin ganin abin da zai biya kuɗinsa.

Na uku shi ne jefa bakan gizo a kan fuska ko bango. A nan zare firizam daga zobe, wani ya riƙe shi cikin hasken rana kai tsaye, wanda ake ɗauka kuma yana cikin inuwa. Tazarar da ke tsakanin ja da shunayya a firizam na ruwa kusan digiri ɗaya ce kacal, don haka a kusa fari-fari za ka gani. Sai an ja da baya mita biyu ko uku launukan ke buɗewa. Idan ka rufe fuskar da hasken ke shiga da baƙin tef ka bar siririn tsagi, launukan sun fi rabuwa da kyau. Wanda ke son babba ya zuba ruwa a faranti mai ɗan zurfi, ya jingina ƙaramin madubi a ciki a karkace yana fuskantar rana. Ruwan da ke kan madubin ya zama firizam, bakan gizo ya hau bango.

Lokaci ma yana da nasa. Da hantsi da bayan la'asar rana na ƙasa-ƙasa, haskenta na zuwa daga gefe, nan firizam ke samun abin kamawa. Da tsakar rana tana bisa kai, ga kaifi, ga inuwa a ƙarƙashin ido. Ranar da hazon hunturu ya rufe gari bakan gizo ba ya fita sosai, amma hoton madubi yana yin taushi. Bayan an ɗauke ruwa da damina kuwa iska ta wanku, launi yana fita fiye da kowane lokaci.

Tsohon faifai a madadin gilashi

Faifan CD ma yana rarraba launi, amma ta wata hanya dabam. A jikinsa akwai siraran layuka, tazararsu maikuromita 1.6, a DVD kuma 0.74, su ke watsa haske ya fito launi-launi, kuma a nan ja ne ke karkata fiye da shunayya. Yanka yanki ɗaya da almakashi mai ƙarfi, ka naɗe bakinsa da tef, ka maƙala a zoben mariƙi, gefen ƙyallin yana kallon haske. Launinsa ya fi na firizam ƙarfi nesa ba kusa ba, don haka ɗan gefensa kawai za ka shigar cikin hoton.

Idan abu ya ƙi

Hoto ya yi hazo: maiƙon yatsa ne ko ƙura. Hure ƙurar tukuna kafin ka goge, domin ƙurar hunturu tana da yashi, gogewa a bushe na karce gilashi.

Baƙin layi ya ratsa hoton: bakin firizam ne ko layin silikon ya tsaya a gaban ido. Matso da shi, ko ka ɗan sauke, ko ka ƙara jawo hoton.

Yatsanka ko bayan wayar ya fito: fuskar madubin tana kallonka. Juya ta waje. Baƙar rigar waya ta fi mai launi ɓuya.

Saiti yana kai da komo: ba ka kulle shi ba, ko wayar tana sauya ido.

Kumfa ta shigo tsakiya: karkata firizam kaɗan ta gudu ƙarshen da ke nesa da ido.

Babu launi ko kaɗan: babu haske mai ƙarfi a inda gilashin ke kallo. Kada ka yi ta murza shi a banza. Ɗaga kai ka nemi inda hasken yake, ka sauya wurin tsayuwa.

Kariya da ladabi

Kada ka kalli rana ta cikin firizam, kada ka jefa haskenta cikin idon kowa. Idan bakan gizo zai hau fuska, a sa shi a kumatu ko goshi, ko mutum ya rufe ido. Kada ka bar kyamara tana fuskantar rana na dogon lokaci. Gilasan nan sirara ne, a ajiye firizam cikin tsumma a ƙaramin gwangwani, nesa da yara, kuma kada a bar shi a mota cikin rana.

Akwai kuma haƙƙin mutane. Tunda firizam yana ɗauko abin da ke gefe, zai iya shigo da wanda bai san ana ɗaukarsa ba: mata a cikin gida ranar biki, maƙwabci a ƙofar gidansa, yaron wani. Wayarka na kallon gabas, amma hotonka ya kwaso na kudu. Duba kowane hoto da kyau kafin ka tura, ka goge wanda ya ɗauko wanda bai ba da izini ba.

Yadda hannu zai faɗa

Zaɓi abu ɗaya da ba ya motsi, tukunyar fure ko ƙofar zaure, ka riƙa ɗaukarsa safe da yamma har mako guda. Kowane lokaci fara da hoto ɗaya ba firizam, sannan ka sa shi. Jera su ka kwatanta. Idan na farkon bai yi kyau ba, gilashi ba zai cece shi ba. Gyara tsayuwa da haske tukuna. Idan ya yi kyau, tambayi kanka me firizam ya ƙara: ya rufe wani tarkace, ya ja ido zuwa fuska, ko kuwa ya zo ya yi wa mai hoton kishiya? Duk lokacin da mai kallo ya fara ganin launi kafin ya ga mutum, an yi yawa, sai a sauke gilashin ƙasa kaɗan.

Kafin makon ya ƙare za ka fara lura da abin da da can kake wucewa: ta wace taga haske ke shigowa da ƙarfe huɗu, wane bango ke mayar da shi, a ina inuwa ke yankewa. Wannan sanin zai gyara duk hoton da za ka ɗauka, da firizam ko babu. Idan kuma na farko ya fashe ko ya yi yoyo, nemo wasu gilasan, silikon ma bai ƙare ba. Haɗa na biyu, ka ba ƙaninka ko ƙanwarka ɗaya su koya tare da kai.